Kira ta Janar a gida in kana so, amma ka bar mata sunanta a takarda

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan kudu. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake da lakcar safe ya ajiye sai ya dawo.

Akwai wani yayi da ya fara shigowa cikinmu, musamman mu da muka kai shekarun aure da haihuwa: a haifi 'ya mace, a ɗauko laƙabin maza irin su Sadiq, Khalifa, Abba, Amir ko Sultan, a ce shi ne sunanta. Da a tsakar gida abin ya tsaya da ban ce komai ba, to amma har takardar haihuwa ake so ya shiga. Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu, kada a ce ina kewaye-kewaye. Ka kira 'yarka Janar, ka kira ta Sarki ko Oga, ba ruwan kowa, in na zo gidanku ni ma zan taya ka kira. Amma sunan da za a raɗa mata ranar bakwai, wanda za a yanka rago a kansa, wanda za a kai ofishin hukumar ƙidaya a rubuta, wannan kam a ba ta na mata.

Masu goyon bayan abin suna da hujjar da ba za a watsar ba. Suna cewa ai Bahaushe ma yana da sunayen da maza da mata suka yi tarayya a kai. Haka ne. Wanda aka haifa bayan tagwaye Gambo ne, namiji ne ko mace. Auta haka, Talle haka, Ajuji haka. Altine in ka ji shi a Kano za ka ɗauka mace ce, ka je Sakkwato ka tarar da dattijo mai furfura yana amsawa. Malam Umaru Altine, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, daga ƙasar Sakkwato ya fito. Kuma wa ya isa ya ce sunan Hajiya Gambo Sawaba ya rage ta da wani abu? Matar da ta sha ɗauri a gidajen yari saboda NEPU da fafutukar mata su samu damar jefa ƙuri'a, yau ga asibiti guda da sunanta a Zariya.

Sai dai ku lura, sunanta na yanka Hajaratu. Gambo matsayin haihuwarta ne, Sawaba kuma siyasa ce ta ba ta. Duk sunayen nan da aka lissafa babu na yanka a ciki, kuma babu wanda asalinsa na maza ne aka ara wa mata. Labari suke bayarwa na yadda yaro ya zo duniya: bayan tagwaye, ko a ƙarshen ɗaki, ko cikin maraici. Inda kuwa labarin ya taɓo jinsi, to Bahaushe rabawa yake yi. Ladi da Ɗanladi, Jummai da Ɗanjuma, Larai da Bala, Azumi da Ɗan'azumi. Namijin da ya zo bayan mata Tanko, macen da ta zo bayan maza Kande ko Delu. Ku duba fa: yarinyar da ta faɗo tsakiyar yayye maza biyar, wadda za ta tashi tana binsu ƙwallo da hawan mangwaro, in da ana ba mace sunan maza ai ita ta fi kowa cancanta. Amma kakanninmu suka dube ta suka ce Kande.

Tsarin sunanmu hawa biyu ne, kuma kowa a nan ya sani ko da bai taɓa zama ya yi tunaninsa ba. Akwai na yanka, akwai wanda ake kira. Yarinya ta ci sunan kakarta, uwa da uba ba za su iya buɗe baki su faɗa ba saboda alkunya, sai ta koma Ummi, Mama, Hajiya ko Walida. Yaro ya ci sunan kakansa, sai ya koma Abba, Baffa, Walid, Khalifa ko Babangida. Wato waɗannan laƙuban suna da aikin da suke yi, saƙo ne ga duk wanda ya ji. Ka ce wa tsohuwa a garinku sunan jaririyar Abba, tambayar farko da za ta yi maka ita ce sunan wa ya ci. Ka ce mata ai mace ce, sai ta saki baki tana kallonka, don ka faɗa mata cewa yarinyar nan uba ce.

Ina ganin zaman da muke yi a nan yana cikin abin da ya sa kunnenmu ya saba. A ajinmu kana iya samun Tolu biyu, ɗaya namiji ɗaya mace, ga Seun, ga Ayo, ga Tobi. Taiwo da Kehinde ba ruwansu da jinsi, Idowu kuwa shi ne Gambonmu sak, wanda ya biyo tagwaye. Wajen Ibo ga Uche, ga Chika. Sai mutum ya ga abin ya burge shi, ya ce mu ma me zai hana. Abin da zai hana shi ne gidan da sunan zai zauna ba iri ɗaya ba ne. Yawancin sunayen Yarbawa jimla ce ko guntun jimla, godiya ga Allah ko addu'a ko labarin gida, ba a gina su a kan namiji ko mace ba tun asali. Harshen ma kansa kalma ɗaya yake amfani da ita ga shi da ita. Fulatanci da Barbarci ma haka suke, 'yan uwanmu na Adamawa da Borno za su ba da shaida, shi ya sa muke tsokanarsu in sun ce wa mace ya zo. Hausa kuwa ba ta barin jinsi ya ɓuya ko na minti ɗaya. Ya zo, ta zo. Kai, ke. Naka, naki. Ko sannu da zuwa za ka tsawaita sai ka zaɓi ɓangare.

Wannan ne ma dalilin da ya sa na ce laƙabin gida ba shi da matsala. In aka ce Gambo ta dawo daga makaranta, wannan ta ɗin ta gama bayani. In aka ce Janar ta ƙi cin abinci, kowa ya san 'yar gidan ce mai rigima. Baki yana gyara abin da suna ya rikita. Takarda ce ba ta da ta. Jerin sunayen da ake liƙawa a allo, ko wasiƙar da ofis zai rubuto da Turanci, suna ne tsirara, ba mai tsaya masa.

A nan ne kuma namu ya fi na kowa haɗari, don mu ba mu da sunan dangi irin na mutanen nan. Sunan uba muke ɗauka, wani lokaci mu ƙara da na kaka ko na gari. Ku dubi matanmu da duniya ta sani: Amina Mohammed, Zaynab Alkali, Hadiza Bala Usman. Cire sunan farko ka ga abin da ya rage. A cikakken sunan 'yar Arewa, gurbi ɗaya tak ne nata, sauran duk na mazan gidansu ne. Wannan gurbi ɗayan shi ake so a karɓe a sake ba namiji. Sai ka samu yarinya sunanta Sadiq Usman Musa, ko Khalifa Ibrahim Sani. Maza uku a jere, ita ba ta ciki. Kuma kun san yadda ofisoshi suke juya mana suna, wannan fom ya ce fara da na uba, wancan ya ce fara da naka, ma'aikacin da bai san Hausa ba ya jera yadda ya ga dama. Mai suna Maryam ko an juya ta sau goma ana ganinta a ciki. Ita kuwa waccan, ko ita kanta sai ta tsaya ta tuna wanne ne nata wanne ne na kakanta.

Zamanin iyayenmu wannan duk ba zai zama abin damuwa ba, don takarda ba ta da ƙarfin da take da shi yau. Mutum yana iya shiga firamare da suna ɗaya ya fita sakandare da wani. Yanzu an ɗaure komai da komai. BVN ta zo a 2014. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN. Fasfo ma sai bayanansa sun dace da na NIN. Duk wanda harafi ɗaya ya taɓa saɓa masa, Muhammad a nan Mohammed a can, ko Aisha da aka ƙara mata t ta koma Aishat, ya san abin da nake faɗa: takardar rantsuwa daga kotu, sanarwa a jarida, layi, ka dawo gobe, intanet ba ya aiki. Wannan fa harafi ɗaya ke nan. To ina ga budurwar da ta kai shekara goma sha takwas ta ce ita gaba ɗaya sunan ne ba ta so, alhali yana kan sakamakon jarrabawarta da asusun bankinta da komai nata? Kai da ka zaɓa don ya yi daɗi a hoton suna a Instagram, lokacin kana gida kana shan shayi, ita ce a layi.

Ku tambayi duk wani Nura da ya yi karatu a ƙasar Yarbawa. Su Nurudeen suka sani na namiji, Nurat ta mace, don haka in an ga Nura a takarda sai a yi ta neman wata mai hijabi, sai ga ƙato da gemu ya miƙe. A ƙasashen Larabawa ma Nura sunan mata ne, babbar jami'ar mata da ke Riyad sunan Gimbiya Nura take ɗauke da shi. Shi namiji abin dariya ne, a yi raha a wuce. Mace kuwa in sunanta ya faɗa jerin ɗakunan kwanan maza, ko wasiƙa ta zo mata da Mista, ko mai gadin jarrabawa ya dubi suna ya dubi fuska ya fara zargin ta zo rubuta wa wani, ba dariya za ta yi ba. Ban ma so in kai ga katin ɗaurin aure, ku dai ku ƙiyasta da kanku yadda za a karanta sunan ango da na amarya a masallaci.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne wani ɗan uwa da muke karatu tare. Mahaifinsa ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, kuma tun matarsa tana da ciki ya ƙudurta zai yi masa takwara. Allah ya kawo mace, haihuwar fari. Sunan marigayin Abubakar, shi ne ya ce to ko Sadiq ne sai ya sa mata, a takarda ma. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan. Malam, wallahi na fahimce ka, kuma duk wanda ya rasa uba ba zai yi maka dariya ba. Amma abin da kake nema yana nan a shirye tun shekara dubu da ɗari huɗu. 'Yar Sayyidina Abubakar, Nana A'isha, ita ake wa laƙabi da Saddiqa 'yar Siddiƙu. Ka sa mata A'isha ka riƙa kiranta Saddiqa, duk wanda ya ji ya san gidan Abubakar ake nufi. Ko Asma'u, ita ma 'yarsa ce. Ka tuna da Baba, ita kuma ta samu nata. In Allah ya kawo namiji gaba, ga Abubakar ɗin yana jiransa, ba a riga an kashe sunan a kan yayarsa ba.

Tunda an shigo maganar addini, ni ba malama ba ce kuma ba zan ce wa kowa haramun ba. Wasu suna saurin jawo hadisin da ya tsine wa mata masu kamanta kansu da maza, su ɗora a kan suna kai tsaye. A bi a hankali. Larabawan farko suna da sunayen da suka ratsa ɓangare biyu. Hindu ɗan Abu Hala, ɗan Nana Khadija, namiji ne. Cikin masu ruwaito hadisi akwai Juwairiyya ɗan Asma'u, shi namiji, babansa namiji. Hamza, Usama, Ɗalha da Huzaifa duk da harafin da aka saba gani a ƙarshen sunan mata suka ƙare. Annabi (SAW) da kansa yakan taƙaita sunan Nana A'isha ya ce A'ish, cikin so da wasa. Nana Faɗima kuma ana mata alkunya da Ummu Abiha, wato uwar babanta. A nan in ɗan yi tsokaci: masu yanke shi su sa wa yarinya Abiha kawai, ku sani abin da ya rage yana nufin babanta ne, uwar ta tafi.

Abin da ya tabbata shi ne Annabi (SAW) ya ɗauki suna da nauyi har yana canza wa manya. Barra ta koma Juwairiyya, wata Barrar ta koma Zainab. 'Yar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo ta koma Jamila. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Haznu, an ba shi Sahlu ya ce shi ba zai canza sunan da babansa ya sa masa ba, jikan ya ce tsananin nan bai bar gidansu ba. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani kan sanya suna a Tuhfatul Maududi, mai son zurfafawa ya nema. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne suna haƙƙin yaron ne a kan uba. Kai ne mai zaɓa, amma ba kai za ka amsa shi ba.

Saura hujjar 'yan boko, wadda na fi ji a bakin mata 'yan uwana. Suna cewa a Amurka da Ingila yanzu 'yan mata Charlie ne da Frankie da Billie, ga mawaƙiya Billie Eilish sunanta ke nan na takarda, kuma sunan maza yana buɗe wa mace ƙofa. Akwai ƙamshin gaskiya. Wani bincike da aka buga a 2009 kan lauyoyi mata a jihar Karolina ta Kudu ya gano masu sunan da ya yi kama da na maza sun fi samun kujerar alƙalanci. J.K. Rowling haruffa ta sa a bangon littafi don masu bugawa suna tsoron yara maza ba za su karanta littafin mace ba. Mary Ann Evans da sunan George Eliot ta yi rubutunta. To amma waɗannan biyun manyan mata ne da suka zaɓar wa kansu, da sunansu na gaskiya a ajiye a gefe. Jaririyar kwana bakwai ba ta zaɓi komai ba. Sannan a Najeriya wace ƙofa suna zai buɗe a ɓoye? Wane fom ne ba ya tambayar jinsi, da hoto, da jiha, da ƙaramar hukuma? Kafin a kai ga sunanki an riga an san ke mace ce 'yar Jigawa. A nan kudu ma abin da Abba ko Sadiq zai ƙara mata shi ne a kira ta aboki tun kafin a gan ta.

Kuma akwai tambayar da nake so mu yi wa kanmu tsakani da Allah. Me ya sa hanyar ɗaya take bi? Ban taɓa jin wanda ya haifi namiji ya ce zai sa masa Ummi ko Mairo don yana son ya yi haƙurin kakarsa ba. Wanda ya gwada, dangi za su taru a kansa kafin la'asar. A Amurkan ma haka abin yake: Ashley da Leslie da Beverly sunayen maza ne a da, da mata suka shiga sai iyayen maza suka gudu suka bar musu. Mu ma in za mu yabi mace sai mu ce mace mai kamar maza, in za mu zagi namiji sai mu haɗa shi da mata. To uban da ya ce yana son 'yarsa ta zama jaruma shi ya sa ya ba ta sunan maza, me ya gaya mata game da sunan mata? Nusaiba da ta tsaya da takobi a Uhudu fa? Khadija mai fatauci, Amina ta Zazzau, Nana Asma'u 'yar Shehu da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa ta kuma kafa 'yan taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata? Wanne cikinsu ya gaza Sultan?

Wani lokacin ma, mu faɗi gaskiya, ba jarumtar ake nema ba. Namiji aka sa rai, aka sayi kaya shuɗaye, aka tanadi suna, sai mace ta zo, sunan da aka tanada ya ƙi tafiya. Ba kowa ba, kuma ban ce ɗan uwan da na ambata yana ciki ba, na ga yadda yake rawar jiki da yarinyar nan. Amma yara suna girma su yi tambaya. Wata rana za ta ce Baba me ya sa aka sa min sunan maza, kuma duk amsar da ka bayar, akwai wadda za ta raya a ranta. Suratun Nahli ta yi maganar mutumin da fuskarsa take baƙi in an yi masa albishir da 'ya mace, kowa ya koma ya karanta da tafsiri.

Wani abu na ƙarshe ga waɗanda suka yarda da ni suka ce to shi ke nan, na yanka na mata, laƙabi na maza. Ku sa ido, don laƙabi a wajenmu yana cinye suna. Mu nawa ne a nan muke da abokin da sai ranar da aka liƙa sakamako muka san Abba ɗin nan Muhammad ne? Su Ummi da Baffa da Nana nawa ne yanzu haka laƙabin ne a katin NIN ɗinsu, sunan yankan ya ɓace? Yawanci ba ranar suna ake yin ɓarnar ba, ranar shiga makaranta ce. Uba yana wajen aiki, uwa tana fama da goyo, sai a ce ƙanin baba ko yayarta ya kai ta. Malamin rajista ya ɗago kai ya ce ya sunanta, shi kuma ya faɗi wanda ake kira a gida, don shi kaɗai ya sani. Daga wannan rajistar ya wuce jarrabawar gama firamare, ya wuce sakandare, ya wuce JAMB. Don haka ranar da za a kai Janar aji ɗaya, ɗaya daga cikinku ya je da kansa, da takardar haihuwar a hannu, ya tsaya a kan malamin har ya ga ya kwafe sunan harafi da harafi.